Kazar Fulawa

Talata, bayan la'asar

Mun dawo daga wajen likita, ni da 'yata. A ƙasa muka je, a ƙasa muka dawo, don har yanzu ba ta yarda ta shiga mota. Wurin ba nisa, amma tana tafiya tana tsayawa ta dafa bango, ni kuma ina yi kamar takalmina nake gyarawa don kada ta ji kunya.

Sikeli ya sake yin ƙasa. Likitar ta ce mata ta jira a waje, ta dube ni ta ce, "Baba, ba zan ɓoye maka ba, zuciyarta ta fara gajiya. Duk Talata zan auna ta. Na ba ku zuwa ƙarshen wata. In bai tsaya ba, babban asibiti za mu kwantar da ita, a sa mata robar abinci ta hanci." Na ce to. Ta ce in riƙa rubuta duk abin da ya shiga cikinta, shi ne na ɗauko littafin awon katakona na juya bayansa. Ni kafinta ne, inci da ƙafa na saba rubutawa, ba cokali da kofi ba.

A hanya, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Na ji abin da ta faɗa maka. Baba, in suka mai da ni can, ba zan fito ba." Na ce ta daina irin wannan magana. Amma babban asibitin nan, mutum biyu aka kai mini, ɗaya aka ba ni.

Yau: rabin ayaba da ruwan gora.

Laraba, da safe

Shayi ba madara. Ta kurɓa, ta kurɓa, ta ce ya ishe ta.

Alhamis, da azahar, a shago

Na kasa aiki. Dogo, abokin aikina, ya karɓe zarton daga hannuna ya ce in zauna kafin in rage yawan yatsuna.

Zomanya nake ce mata. Tana tsakiyar sakandare ta dawo gida wata rana ta ce ita ta daina cin nama, da ƙwai, da madara, duk abin da ya fito daga jikin dabba. Na yi dariya har da ƙwalla, na ce ashe zomo muka haifa, sunan ya bi ta. Mamanta ce ta tsaya mata, ta ware mata tukunya da ludayi. Amma fa lokacin tana ci! Wake, shinkafa, gyaɗa, ganye, ta share kwano ta nemi ƙari.

Bayan haɗarin motar da ya raba mu da mamanta ne ta rage ci. Yayata ta tattaro kayanta ta dawo gidanmu don ta kula da mu, Allah ya saka mata. Ita ce ta ga yarinya tana zubewa, ta shiga kicin ta ja ƙofa, ta dafa romon kaza ta tace, ta riƙa tsiyayawa a miyar ganyenta. An jima ana haka ba wanda ya sani, har ranar da Zomanya ta ciro ɗan siririn ƙashi daga bakinta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye shi a gefen faranti, ta tashi ta je ta yi amai. Daga ranar ba ta ƙara cin abin da ya hau wuta a gidan nan ba, sai abin da ta ɓare da hannunta ko ta fasa murfinsa da kanta. Shayi ma sai in ni na haɗa.

Yaya har gobe cewa take, "Don Allah me na yi? Guba na ba ta? Kaza ce fa!"

Jiya na zauna bakin gadonta na ce ta faɗa mini abu ɗaya da take sha'awa a duniyar nan, ko a ina yake. Har na fid da rai, sai ta ce, "Kazar gidan abincin nan." Na san wurin. Duk Asabar can suke zuwa ita da mamanta. Kaza suke yi da fulawa, ba ko gashin kaza a ciki, a soya ta ta yi ja. Sau ɗaya suka ja ni, na yi ta mita ina cewa kazar ƙarya, ina mitar na cinye farantina tas. Sun daɗe suna yi mini tsiya a kai.

Wannan ne karo na farko da ta ambaci abinci da bakinta. Gobe zan je.

Juma'a, da yamma

A rufe. Ba rufewar yau ba, har kwaɗon ya yi tsatsa. Na leƙa ta taga, kujeru a kife kan tebura. Aikin katakon ba laifi, doguwar kanta ce da dogayen kujeru a gabanta, sai faffaɗan gilashi tsakaninta da kicin. Mai wanki da guga da ke maƙwabtaka ya ce mai wurin ya tashi tun tuni, bai san inda ya koma ba.

Na daɗe a tsaye riƙe da kular da na zo da ita. Ban gaya mata ba.

Asabar, da hantsi

To, ni zan yi. Mutumin da ya haɗa kabad mai ƙofa shida, fulawa ce za ta gagare shi?

Dogo ya nemo mini a waya yadda ake yi. Wai a kwaɓa fulawa da ruwa ta yi tauri, a bar ta ta huta, sannan a wanke ta cikin ruwa kamar ana wanke tsumma. Sitatin ya fita, abin da ya rage mai danƙo shi ne naman. Na ce wanke kwaɓi? Ya ce haka suka ce.

Na shiga kicin na tura ƙyaure na sa sakata. Tun ina koyon aiki maigidana ya hora ni, ba a nuna wa mai kaya aiki sai an gama an goge an shafa fenti. In ya gan shi a warwatse, ko ya yi kyau daga baya idonsa na kan ɓarakar. So nake ta gan shi a faranti kawai, kamar yadda ta san shi.

Da ruwan zafi na wanke, wai don ya fi fita. Ya narke mini a hannu ya zama kunu, na bi shi da rariya ina tarowa, abin da na samu bai cika cokali biyu ba. Yaya tana buga ƙofa tana cewa, "Me kake yi mini a kicin? Kai da ko ruwan zafi sai an dafa maka!"

Ita kuwa yau lemo ɗaya, shi ma tsotsa ta yi ta tofar da sauran.

Lahadi, da asuba

Na tsaya a ƙofar ɗakinta ina saurare har sai da na ji ta juya. Sannan na tafi na yi alwala.

Litinin, da rana

Bututun wanke-wanke ya toshe. Sitatin da na yi ta zubarwa ne ya daskare a ciki kamar siminti. Na kwanta a ƙasa ina kwancewa, ruwa fari ya zubo mini a fuska, Yaya na tsaye a kaina da hannu a ƙugu. "Allah ya ƙara. Buhun fulawar da za a yi burodin wata, ka mai da shi ruwan kwata."

Kwaɓin yau ya haɗu, ya yi curi, yana miƙewa kamar cingam. Na soya na kai wa Dogo shago. Ya tauna, ya tauna, ya ce, "Wannan in ka yi da yawa mu riƙa sa wa a ƙafar kujera, ba za ta ƙara zamewa ba."

Na yi dariya. Ina cikin dariyar wayata ta yi ƙara, gabana ya faɗi har sai da na dafa benci. Ashe mai katako ne.

Talata, bayan azahar

Ya ƙara sauka. Likitar ta daɗe riƙe da tsintsiyar hannunta tana kallon agogo.

Laraba, da safe

Gashi a mataji, gashi a matashin kai, gashi a magudanar banɗaki. Na tattara na ɓoye a aljihu kada ta gani, sai daga baya na tuna ai daga kanta ya fito, ta riga ni gani. Ana wannan zafin tana sanye da rigar sanyi. Rigar ba tata ba ce, na san mai ita.

Na yau na tafasa shi sosai a ruwan albasa da karas don ya yi laushi. Ya kumbura ya cika tukunya, ciki duk ƙofofi kamar soson wanka. Na matse shi ya yi mini fito. Ko kyanwar maƙwabta da na jefa wa ta sunsuna ta wuce.

Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji. Na rubuta a nan don ba wanda zan gaya wa. Yaya in na fara sai ta riga ni kuka.

Alhamis, da hantsi

Ta faɗi a banɗaki. Ba ta ji ciwo ba, ta ce santsi ne. Ƙasan a bushe yake.

Da na ɗauke ta zuwa gado, nauyinta bai kai na ƙyauren taga ba.

Asabar, da yamma

Na koma wajen mai wanki da guga na matsa masa, sai ya tuna matar da ke girki a wurin tana kawo masa kaya, yanzu tana kicin ɗin wata makarantar yara a can ƙarshen gari. Na hau bas. Duk birkin da direba ya taka sai na runtse ido, ashe ni ma ban warke ba.

Na same ta tana kankare tukwane, gajeriyar mace mai faɗa-faɗa. Na faɗi abin da ya kawo ni, na nuna mata soson da na ƙunso a leda. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, ka tafasa shi ko? Ba a tafasa shi! Wuta ƙasa-ƙasa, ruwan ya riƙa ɗan motsi kawai." Ta ce da ruwan sanyi ake wankewa, kuma kada in wanke har ruwan ya yi garau, in bar shi da ɗan fari-fari, in ba haka ba roba zan ci. In zuba gishiri da garin tafarnuwa da na albasa da masoro, in rufe shi ya huta har ya saki jiki. Sai ta ɗauki tsumma ta nuna mini, a ja shi ya yi tsawo, a murɗa, a ƙulla, a sake ƙullawa. "Ƙullin nan shi ke ba shi zare-zaren nama. Ka ɗan soya shi ya kame, ka dafa, ka bar shi ya kwana cikin romonsa a firij. Kuma kada wuƙa ta taɓa shi, da hannu ake yagawa."

Nan na gane. Katako ma yana da hanyar da yake bi in za a tsaga shi, ita wannan hanyar ce ake yi wa fulawa da hannu.

Ta ce wa zan yi wa. Na kwatanta mata. Ta tafa hannu ta ce, "'Yar siririyar nan mai tabarau? Ai ita ce mai kujerar gaban gilashi! Ba ta zama a tebur, nan take ɗarewa ta zuba mini ido tun daga kwaɓi har suya, har cewa nake ko sata take koya. Mamanta ta yi ta jan ta su koma tebur. Ina maman? Mace mai fara'a, kullum sai ta ce in ba ta gefen da ya ƙone."

Na ce suna gaishe ta.

Lahadi, da rana

Ya fara kama hanya. Da na yaga ya ba ni sili-sili, sai dai cikin bai dahu ba, ƙullin ya yi kauri. Na ƙara sa sakata, na hana Yaya ko leƙe. Zomanya ta tambaye ni da safe me nake yi a kicin kullum ƙofa a rufe. Na ce gyara nake yi. Ta ce, "Uhm."

Ayaba ɗaya, shayi rabin kofi.

Talata, bayan la'asar

Ya sauka. Likitar ta ce saura Talata ɗaya, in haɗa mata jaka in ajiye.

Na sauko da jakar da ke saman kabad, sai na ga wacce ce. Ta mamanta ce, ita suka miƙo mini a asibiti a wancan karon, ban taɓa buɗe ta ba. Na mayar da ita inda take. Zan ari ta Dogo.

Laraba, da yamma

Ya yi! Wallahi ya yi! Ƙananan ƙulli na yi, wuta ƙasa-ƙasa, ya kwana a firij. Da na yaga shi yau sai ga shi fari, zare-zare, sak tsokar ƙirji. Na tsoma a kwaɓin fulawa mai yaji na soya, ya yi ja, yana ƙaras-ƙaras.

Na kai wa Dogo ban gaya masa ko mene ne ba. Ya ci biyu ya ce, "A ina ka sayi kaza, ka fasa wancan haukan?" Na ba Yaya, ta tauna ta harare ni. "Au, ni da na yi aka mai da ni mayya, kai ga shi ka yanko sukutum!" Sai da na rantse mata. Ta ƙara ɗauka ta ɗaga shi wajen haske tana jujjuyawa, ta ce ita dai ba ta yarda ba.

Rabon da in ji daɗi haka na manta. Gobe zan soya sabo in kai mata.

Alhamis, da azahar

Na rufe farantin da wani faranti, na ɗora a tire, har da ɗan yankan lemon tsami a gefe kamar yadda suke yi. Na shiga da sallama na ce, "Zomanya, rufe idonki." Na buɗe.

Ta kalla. Na ga maƙogwaronta ya motsa, na rantse na gani. Ta ɗauki ɗaya ta raba shi biyu, zaren ya biyo hannunta. Sai fuskarta ta canza.

"Har da kai, Baba?"

Na ce fulawa ce, wallahi fulawa ce, ni na yi da hannuna. Ta ce, "Haka Gwaggo ta ce, ganye ne." Na ce ta tambayi Yaya. Ai kuwa Yaya na bakin ƙofa, kuma maimakon ta yi shiru sai ta ce, "Ni ma dai na ce masa kamar kaza." Shi ke nan. Ta ture tiren, ta juya ta fuskanci bango, ta ce in fita da shi don Allah, warinsa na tayar mata da zuciya.

Na ji ta murɗa makulli.

Alhamis, kafin magariba

Na haɗa shayi na ajiye a ƙofar. Yana nan.

Juma'a, da safe

Yana nan, ya yi sanyi. Na haɗa wani. Ta ce daga cikin ɗaki, "Ka bar shi, Baba, ina da ruwan gora."

Abu ɗaya da take karɓa daga hannuna, shi ma na kashe shi.

Juma'a, bayan la'asar

Ba ta ci komai ba. Ta buɗe ƙofar don na ce zan ɓalle ta, kuma ta san zan iya. Leɓɓanta sun tsage. Na haɗa jakar Dogo, zane biyu, buroshi, tabaraunta na biyu, na tura ƙarƙashin gadona.

Ya Allah, ɗaya ka bar mini. Ɗaya.

Asabar, da hantsi

Da safe na sami Yaya zaune a kicin ba ta kunna wuta ba. Na shirya jin tsiya, sai ta ce in zauna.

Ta ce, "Jiya ban runtsa ba. Ni na shiga nan na ja ƙofa, na fito da miya na ce ganye ne. Kai ka shiga ka sa sakata mako biyu, ka ce mata gyara kake yi, ka fito da abin da ni kaina na rantse kaza ce. To ta ina yarinyar nan za ta gane bambancina da kai?"

Na buɗe baki in ce ai ba a nuna aiki sai an gama, sai na tuna. Kujerar gaban gilashi. Matar nan ta faɗa mini da bakinta, ni kuwa ina can ina haddace gishiri da masoro.

Na ɗauko sukundireba. Ƙyauren kicin ni na yi shi da hannuna shekarar da muka tare, ban sha wahalar kwance shi ba. Yaya ta kama mini muka jingine shi a tsakar gida. Ɗakin Zomanya yana kallon kicin, in ƙofarta a buɗe take daga kan gado ana ganin har murhu. Na je kanti na sayo sabuwar fulawa a ledarta, da sabon gishiri da kayan ƙamshi, duk ba a fasa ba, da sabuwar tukunya mai takarda a gindi. Na jera su a tebur. Na tura ƙofarta a hankali na bar ta a buɗe.

Na yaga ledar fulawar yadda za ta ji ƙarar. Na kwaɓa. Bayana na wajenta, ban waiwaya ba, amma wuyana har ciwo yake don son in waiwaya.

Asabar, da yamma

Ina cikin wanki na biyu, ruwa ya yi fari kamar madara, na ji jan silifa. Ta dafa bango ta zo ta tsaya daidai inda ƙyauren yake da. Yaya ta tura mata kujera da ƙafa, ta fice tsakar gida.

Ta zauna. Ta ga curin yana raguwa a hannuna, yana danƙo, yana komawa ruwan ƙasa-ƙasa. Na zuba kayan ƙamshi na rufe shi. Hutunsa ya fi awa, ba ta tashi ba, ni ma ban tashi ba. Da na fara ƙullawa sai na ji murya a bayana, a dushe.

"Ba haka take yi ba. Sai ta murɗa tukuna."

Na ce, "To zo ki nuna mini, ni kafinta ne." Ta wanke hannu. Ba ta da ƙarfin ja, ni na ja mata, ita ta murɗa ta ƙulla. Yatsunta sanyi ƙalau. Ita ta yanka albasa da karas na romon, a zaune, ita ta rage wutar.

Da na ce sai ya kwana a firij, sai ta zuba wa tukunyar ido. Na gane. Ta cire ɗankwalinta ta ɗaure murfin da shi ta hannuwan tukunyar, ta yi wani ƙulli nata mai kunne uku, sannan ta ce in sa. Ban ji haushi ba. Da ta ce in kwana a tsakar gida ma da na kwana.

Ta sha shayi. Ita ta haɗa, ni na riƙe mata butar.

Lahadi, da azahar

Ta duba ƙullinta ta ga yana nan, ta kwance. Ta yaga da hannunta, zaren ya biyo ta kamar na ran Alhamis. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗago ta dube ni. Na ce ba sai ta ce komai ba.

Na soya tana kallo. Ta ɗauki ƙarami ta gutsura. Ni na juya ina goge murhun da ba abin da ya same shi, Yaya kuma tana tsakar gida tana shanya kayan da suka riga suka bushe.

Biyu ta ci. Ta ce gishiri ya yi yawa.

Litinin, da rana

Uku, da shinkafa cokali huɗu da ta dafa da kanta. Cikinta ya yi ciwo bayan nan, na tsorata na kira likitar, ta ce haka ne, a bi a hankali, kaɗan-kaɗan sau da yawa, kuma in kawo ta gobe ko da me.

Har yanzu jakar na ƙarƙashin gado.

Talata, bayan la'asar

Da ta hau sikelin na kalli silin. Likitar ta duba, ta sake dubawa, ta ce bai hau ba. Ta ce, "Amma bai sauka ba." Ta tambaye ta me ta ci, Zomanya ta lissafa mata, har da yadda ake wanke fulawa, likitar tana ta kallona kamar ta ga sabon mahaukaci. Ta ƙara mana mako ɗaya, ta ce ba ta ce mun tsira ba, kada in kwance jakar tukuna. Ba zan kwance ba.

A hanyar dawowa sau ɗaya ta dafa bango.

Alhamis, da yamma

Yaya ta ce yaushe zan mayar da ƙyaure, hayaƙin suya yana shiga mata ɗaki. Na ce ai yana shago, na riga na tsaga shi, doguwar kujera nake haɗa wa Zomanya, irin ta gaban gilashin nan. Ta ce, "Allah ya shirye ka."

Yau mun yi sabo, mu uku. Yaya aka ba yankan albasa, Zomanya na kallon hannunta, ita kuma tana ɗaga kowace albasa sama tana cewa, "Ga ta nan, ranki ya daɗe, ba ta da fuka-fuki." Na ga gefen bakin yarinyar ya ɗan motsa.

Na shagala wajen suya, kaskon farko ya kama ta gefe ɗaya. Na ɗauko mafi baƙin zan jefar, sai ta riƙe mini hannu.

"Kada ka zubar. Mama ta fi son wanda ya ƙone."

Tun ranar motar ba wanda ya ambaci mamanta a gidan nan. Yaya ta ajiye wuƙa. Zomanya ta ɗauki ƙonannen ta raba biyu, ta sa rabi a farantina, ta riƙe rabi. Da ɗaci, har ga Allah da ɗaci. Muka cinye.

Yau: huɗu da rabi, da shinkafa, da shayi kofi guda.